Durƙuson da Na Yi a Gaban Lajna

Ciwona yana jin kunyar baƙi. Shekara biyu muna tare da shi, na san halinsa fiye da yadda na san halin wasu 'yan uwana. In daga ni sai shi ne a ɗaki, babu irin wulaƙancin da ba ya yi mini: ya kashe mini yatsu, ya ja mini ƙafar hagu, ya sa in ga ƙofa ɗaya ta koma biyu. Amma da zarar na zauna gaban mai farar riga sai ya lafe, ya bar ni garau, kamar wadda ta zo raka wata asibiti.

Sunana Murja, 'yar Gumel ce ni. Ina shekarar ƙarshe a sashen hadisi na wata kulliyar mata a Alƙahira, kuma ina haya a Hayyin Ashir, hawa na huɗu, a shaƙƙar, wato sashen bene, na wata Bahaushiyar Sudan mai suna Mahasin. Khala nake ce mata. Kakanninta sun baro Katsina a ƙafa za su Makka suka maƙale a hanya, ita kuma yaƙi ya koro ta Masar. Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta taɓa rasa maganin da za ta ba mutum ba.

Likitata, Dakta Dalia, ta ce sunan ciwon em-es. Ta nuna mini hoton ƙwaƙwalwata a jikin fitila, ta ƙirga mini fararen ɗigo bakwai da bakin biro. Ta ce jijiyoyin mutum suna da riga kamar wayar lantarki, to jikina ne da kansa yake gaigayar rigar. Ba ya warkewa, ta ce, amma ana iya rage masa gudu. Na saurare ta, na gane, na kuma yarda. Ni ɗalibar ilimi ce, ba na cikin masu ɗora wa aljani laifin kowane ciwon kai.

Sai dai akwai abin da hoton bai nuna ba. Da rana tsaka, lokacin da unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai mai sayar da tukunyar gas yana ƙwanƙwasa ta da sifana daga nesa, sai in ji an rungume ni ta baya. Hannu biyu, daidai ƙarƙashin haƙarƙari, a matse a hankali har numfashi ya gajarta. Dakta Dalia ta ce wannan ma sananne ne, naman da ke tsakanin haƙarƙari ne yake ɗaurewa. To, na ji. Amma ban taɓa waiwayawa ba in abin ya zo. Zama nake yi ina kallon bango har a sake ni.

Maganin kuwa allura ce, sau ɗaya a mako, a cinya. Ranar Alhamis da la'asar nake yin ta, saboda Juma'a babu karatu, kuma saboda na san abin da zai biyo baya. Zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi kamar an yi mini dukan sakwara. Dakta Dalia ta koya mini dabaru: in sha maganin zazzaɓi kafin allurar, in fito da ita daga firij ta huce, in riƙa canza cinya, in sha ruwa da yawa. Duk na yi. Ya rage, amma Juma'a ta riga ta fita daga hannuna. Shekara biyu ina jin huɗubar masallacin layinmu daga ƙarƙashin bargo, haƙorana suna haɗuwa.

In ciwon ya tashi gadan-gadan kuma sai a ƙara mini ruwan wani magani kwana biyar a jere. Wannan ya fi ƙarfi. Bakina ya koma ɗanɗanon tsohon cokali, barci ya ƙaurace, ci kuwa kamar gara, fuskata ta kumbura ta yi sheƙi. A irin wannan makon ne Inna ta kira ni ta bidiyo, ta kalle ni ta kwashe da dariya.

"Kai, Murjanatu! Lallai Masar ta karɓe ki. Dubi kumatu, tubarkalla."

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi."

Ta ce in riƙa gasa ta da ruwan zafi safe da yamma. Khala Mahasin, da ke tsaye a bayana, ta ce wallahi ita ma abin da take ta faɗa mini ke nan. Na gwada sau ɗaya don kada in zama mai taurin kai. Minti goma da sa tawul mai zafi, ƙafar ta mutu murus, idona na dama ya yi hazo, sai da na kwanta a kan tayil mai sanyi na awa guda kafin na dawo daidai. Da na gaya wa Dakta Dalia sai ta riƙe kai. Ta ce zafi shi ne babban abokin wannan ciwo, in guje shi iya ƙarfina.

Abin da ya kai ni gaban lajna, wato kwamitin likitoci, shi ne hannuna na dama. Bara ina tsakiyar jarrabawa biro ya zame daga yatsuna, na ɗauka ya sake zamewa, na ƙarasa takardar da rubutun da ni kaina ba zan iya karantawa ba. Na faɗi darussa uku, aka ce in maimaita shekara. Hukumar da ke ɗaukar nauyin karatuna ta aiko mini da wasiƙa mai ladabi: sau ɗaya ake maimaitawa. In na sake faɗuwa, tallafi ya ƙare. In tallafi ya ƙare, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, allurar ma da ita take tafiya, don a kan takardar ɗalibta ake ba ni. Sai Gumel, ba takardar shaidar karatu, ba magani. Kuma karatun yana kaina, wallahi yana kaina. Ko a barci aka tashe ni zan jero maruwaita. Wanda zai rubuta mini kawai nake buƙata, kulliya kuma ta ce ba ta ba da marubuciya sai da takarda daga lajnar likitocin da ke tantance nakasa.

Aka ba ni rana a watan Fabrairu, ƙarfe tara na safe, a wani tsohon gini can wajen Abbasiyya. Na yi abin da duk 'yar mutunci za ta yi in za ta gaban manya. Na yi wanka, na goge abayata, Khala ta turara ni da turaren wutarta na Sudan har sai da na yi tari. Garin da sanyi, iska tana kaɗawa. Tun a cikin mikrobas, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, na ji jikina wasai, na buɗe hannuna na rufe, yatsun suna bin umarni ɗaya bayan ɗaya. Gabana ya faɗi.

Su uku ne a bayan dogon tebur. Na tsakiyar dattijo ne mai furfura, sa'an kakana. Na shigo, na gan shi, jikina ya yi abin da aka koya masa tun ina 'yar shekara huɗu: na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. A gidanmu ba a gaida mai furfura a tsaye. Durƙuson ya ci duk ƙarfin da na tara, tashin kuwa sai da na cije leɓe, wuta tana bin gadon bayana. Amma na tashi ban dafa komai ba, don kunya ba za ta bar ni in yi nishi a gaban maza ba.

Na ga sun dubi juna. Na gefen hagu ya rubuta wani abu.

"Yaya jikin, 'yata?" in ji dattijon.

"Alhamdu lillahi."

"Kina jin ciwo?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Me ya fi damun ki a kullum?"

A nan ya kamata in buɗe baki. In ce ba na iya ɓalle maɓalli, Khala ce ke yanka mini nama, na fasa kofuna shida. Sai na ji kamar zan kai ƙarar Ubangijina ne wurin bayinsa. Na ce, "Hannun ne yakan ɗan yi nauyi wani lokaci."

Suka miƙo mini takarda da biro, suka ce in rubuta layi biyu. Na ɗauka ina addu'ar ya zame. Bai zame ba. Hannun ya hau takarda ya tafi sumul, ya rubuta hadisin niyya tun daga farko har ƙarshe, da wasali da komai. Ina zaune ina kallon sa kamar hannun maƙwabciya. Rubutun ma ba irin nawa na yanzu ba ne. Irin wanda nake yi ne a Islamiyya ina yarinya, mai ƙananan haruffa a tsaye, wanda na bari tun shekara goma da suka wuce. Tsigar jikina ta tashi. Dattijon ya ɗaga takardar ya ce ma sha Allah, da 'ya'yansa suna rubutu haka da ya huta.

Bayan mako biyu amsa ta fito. Mai neman tana durƙusawa ta miƙe ba tare da taimako ba, rubutunta lafiya lau, ta kuma shaida da bakinta cewa tana samun sauƙi. Ba ta cancanci marubuciya ba. A matakalar gidanmu na karanta, a hawa na biyu, inda ƙafar ta tsaya ta ƙi gaba. Takardar ma da hannun hagu na riƙe ta, don na daman ya koma gidan jiya tun ranar da na je lajnar, kafin in sauka daga mota.

Dakta Dalia ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Kin durƙusa? Don me?"

"Dattijo ne, Dakta."

"Ya Murja, ba gaisuwa kika je ba. Abin da suka gani shi suke rubutawa." Ta ja numfashi. "Ma'alish. Kina da damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya. Zan rubuta miki rahoto mai ƙarfi, mu haɗa da sabon hoto. Ke kuma ki riƙa ɗaukar muryarki a waya kullum, ki faɗi abin da kika kasa yi a ranar. Ranarki mafi muni za ki ba su labari, ba mafi kyau ba."

Na ce to. Na gwada kwana uku. Da na saurari abin da na ɗauka, ban ji komai ba sai wata mata tana cewa yau dai alhamdu lillahi, an ɗan ji jiki amma da sauƙi. Haushin kaina ya kama ni har na yi jifa da wayar a kan katifa. Kuma ko da na iya faɗa, wa zai yarda? Rahoto suna da shi tun farko. Hoto suna da shi. Abin da ba su gani ba shi ne ciwon da kansa, kuma na san ba zai bi ni ya shiga ɗakin nan mai sanyi da ƙafarsa ba.

Sai na yanke shawarar in kai shi dole.

An sa mini rana ta biyu a ƙarshen Mayu, ƙarfe ɗaya na rana, kwana tara kafin jarrabawa. Saura mako bakwai. Ranar Alhamis ta farko na fito da allurar daga firij, na dube ta, na naɗe ta a leda na tura ta bayan robar man shanun Khala. Ban gaya wa Dakta Dalia ba. Ta sha gargaɗina cewa kada in taɓa tsayawa ban sanar da ita ba, in wahalar ta yi yawa akwai wani magani da za a iya sauya mini. Na sani sarai. Ba jahilci ya sa ni ba.

Ba zan ɓoye ba, Juma'ar nan ta yi mini daɗi. Na tashi ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Na wanke kayana, na sauka na sayo ta'amiya mai zafi, ƙosan Misrawa, na zauna a baranda ina kallon mutane suna shimfiɗa tabarmi a titi. Na manta haka Juma'a take. Har kuka na yi, na farin ciki. Khala ta ce, "Ya bitti, yau kin yi kyau. Sun canza miki magani ne?" Na ce e.

Mako na biyu, lafiya. Na uku, lafiya. Hannun yana nan yadda yake, nauyi yau sauƙi gobe, amma rungumar nan ta rana tsaka ta daina zuwa ɗungurungum. Da farko na ji daɗi. Daga baya shirun ya fara damuna. Sai in zauna bayan azahar, mai gas yana ƙwanƙwasawa a ƙasa, in saki jiki ina jira. Ba kowa. Ɗakin ya yi mini faɗi. Na fara jin kamar an koma gefe ne ana kallona, ana so a ga iya gudun ruwana. Wata rana a mako na shida na ji bakina yana cewa, a fili, da Hausa, "To ka zo mana." Khala ta leƙo daga kicin ta ce da wa nake. Na ce bita nake yi.

Ranar ta zo da zafin da ko Misrawa suna kuka da shi. Khala ta tafi aikinta a Dokki tun da safe. Ƙarfe goma sha ɗaya na kunna hita, na cika babban baho da ruwan da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, na rufe tagar banɗaki, na shiga. Na zauna har tururi ya rufe madubi. Minti ashirin ina ƙirgawa. Da na fito na sa baƙar abaya mai kauri a kan rigar sanyi, na ƙi shan ruwa, na ƙi turare. Na hau mikrobas na zauna ta gefen rana, na sauka tasha biyu kafin wurin, na ƙarasa a ƙafa.

A tsakiyar wannan tafiyar ya zo. Titin fayau, shaguna sun sauke ƙofa rabi, ko kare babu. Na ji hannun nan biyu sun zagayo ta baya, a hankali, suka haɗu a ƙirjina. Ba su taɓa matse ni haka ba. Sai kuma wani abu da bai taɓa faruwa ba: wani sanyi ya taso daga ƙeyata, ya bi ta ƙarƙashin kunne, ya kwanta a gefen fuskata kamar an jingina kunci da nawa. Na tsaya cak. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, amma a ƙarƙashin tsoron, Allah ya yafe mini, murna nake yi. Na ce, "Yauwa. Mu je."

Bango na bi har ƙofar ginin. Mai gadi ne ya kama ni ya hau da ni. Wannan karon ban durƙusa wa kowa ba, faɗuwa na yi a kan kujera. Dattijon nan yana nan, bai ma gane ni ba sai da ya duba fayil. Aka ce in taɓa hancina da yatsa, na taɓa kunne. Aka ce in yi tafiya a kan layi, na yi taku biyu aka tare ni. Aka miƙo biro, ya gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya damu ya ɗauko. Dattijon ya ce la haula, yaya aka yi aka hana yarinyar nan tun farko? Ya buga hatimi a gabana. Da babban yatsan hagu na dangwala.

Na yi zaton da na sha ruwan sanyi na kwanta a tayil zai tafi, yadda ya saba. Na kwanta har magariba. Washegari ma yana nan. Kwana na uku Khala ta gano alluran bakwai a bayan man shanunta, ta jera su a kan tire ta kawo mini har gado. Ita ta kira tasi ta kai ni wurin Dakta Dalia.

Dakta ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa aka sake hoto. Ɗigon sun zama tara, ɗaya a can ƙasa, kusa da inda kai ya haɗu da wuya. Da na gaya mata zancen bahon, ta ce da zafin ruwan ne kaɗai, da ya wuce tun a ranar. Wannan sabon tashi ne na gaske, kuma ba za ta iya rantsewa cewa barin allurar ne ya kawo shi ba, ba za ta kuma iya rantsewa cewa ba shi ba ne. Aka ɗaura mini ruwa kwana biyar. Ƙafar ta dawo rabi. Idon ya washe. Sanyin gefen fuskar nan bai motsa ba.

Ranar da aka cire mini ruwan, ina karanta wa Khala bita da yamma, ta ce, "Sake faɗin wannan." Na sake. Ta ce, "Harshenki yana nauyi, ya bitti." Na ce maganin ne yake busar mini da baki. Da safe kuwa garau nake magana, don haka na bar zancen a nan. Takardata tana cikin jaka, a cikin leda, da hatiminta.

Ranar jarrabawar farko na miƙa ta ga shugabar masu sa ido. Ta karanta ta ce tamam. Tun da magana zan riƙa yi, ba za a bar ni a babban zaure in dami sauran ba. Aka hau da ni wani ƙaramin ɗaki a hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufin, inda ake ajiye tsofaffin kujeru. Taga ɗaya, fanka ɗaya da ba ta juyawa. Marubuciyar wata ma'aikaciyar ofis ce mai suna Madam Arwa, babbar mace mai fara'a. Ta gyara takardu, ta cire murfin biro, ta ce, "Yalla, habibti, ni hannunki ce yau."

Na duba tambayoyin, na kusa yin dariya. Duka huɗun na san su kamar sunana. Na fara da ta farko, sharuɗɗan ingantaccen hadisi. Ina faɗa tana rubutawa, biro yana gudu. Shafi ɗaya ya cika. Na ji daɗin da ban ji ba tun bara. Gumi ya fara tsattsafo mini, ban kula ba.

A tsakiyar shafi na biyu Madam Arwa ta ɗago. "Me kika ce?"

Na maimaita.

"Yi a hankali, ban kama ba."

Na sake maimaitawa. A cikin kaina kalmar tana nan tsaf, kowane harafi a mazauninsa. Abin da ya fito daga bakina kuwa wani gunji ne mai kauri, kamar na mai magana da tuwo a baki. Sanyin nan ya bar kuncina ya shiga ciki, ya kwanta a kan harshena. Hannun biyu suka zagayo ta baya, ba da ƙarfi ba wannan karon. A hankali, kamar mai rarrashi.

Madam Arwa ta ba ni ruwa. Ta fifita ni da takardar tambayoyi. Ta kawo kunnenta daf da bakina, ta rubuta kalma biyu, ta soke su. Ga ta baƙuwa, ga ta zaune tana kallona ido cikin ido, amma bai lafe ba. Ya daina jin kunyar kowa.

Da ta ga abin ba na ƙare ba ne sai ta sauka ta kira shugabar. Matar ta hau tana haki, ta dube ni, ta dubi shafi ɗaya da rabin da ke kan tebur. Ba muguwa ba ce, na ga tausayi a idonta. Madam Arwa ta ce ko za a mayar da ni ɗaki mai sanyi, a ƙara mini lokaci, ko a ɗage mini zuwa wata rana. Shugabar ta zaro takardata daga fayil ta bi ta da yatsa layi-layi.

"Ma'alish, 'yata. Abin da aka rubuta a nan hannu ne. Marubuciya kawai aka ce, ba ƙarin lokaci, ba canjin ɗaki. In akwai matsalar magana, sai lajna ta gani ta rubuta."

Madam Arwa ta tambaya yaushe lajnar za ta sake zama.

"Sun tafi hutu. Sai Oktoba."

Shugabar ta duba agogonta ta ce saura awa ɗaya da minti arba'in, ta fita ta ja ƙofa. Madam Arwa ta koma kujerarta. Ta buɗe sabon shafi, ta rubuta lamba biyu a sama, ta ɗora bakin biro a kan layin farko, ta zuba mini ido tana jira.